Saƙo Talatin Daga Lome

…kuma ku kunka yi, kada wani ya ɗaga mini kafaɗa. Ku kunka kashe gaisuwa. Ban san sunanku ba, ban san garinku ba, ban san ko kuna da uwaye ba, amma wani cikinku ya zamna bisa kujera, cikin sanyin ofis, ya ce: bari mu yi wa mutane ɗan ambulan ƙanƙane kamar ƙwayar wake, mu sa shi cikin waya, duk mai jin nauyin buɗe baki ya ɓuya ciki. Kun yi. Ga shi nan a kan gilashin wayata shina ƙyafta mini ido tun hantsi. Ƙyaf, ƙyaf. Kamar ni ne na yi laifi.

Wai wuri ya cika. Haka ta rubuta da faransanci, kuma na karanta, ba wanda ya karanta mini. Ni Manzo Baushe ban taɓa zama bencin lakkol ba ko na yini guda. A jikin allon hanya na koyi baƙi, tsakanin Filinge da Yamai, tsakanin Yamai da Lome, ina aparanti bisa kayan kamiyo, rana na gasa mini ƙeya. Harafi guda a kowane gari. Shekara arba'in ina riƙe da sitiyari, yau shekarata saba'in da ɗaya, sai wata 'yar ƙarfe mai maɓalli goma sha biyu ta ce mini wuri ya cika?

Laraba ce ta tada maganar. Ɗiyata, wadda ke aiki Yamai. Ta kira da safe: Baba, na aiko maka ranar randebu na likitan ido, ka gani? Na ce faɗa mini da baki mana, ba gaki a waya ba? Ta ce a'a, in na faɗa da baki ka manta, ka ce ni ce ban faɗa ba, ka yi mini masifa. Ji 'yar nan! Ni nake masifa? Ni?… To. Saƙonta na can shina yawo a iska, ba shi da wurin sauka, sai na share wasu.

Wuri talatin gare ta, tsohuwar waya ce. Na share na kowa tun tuni, har na masu talla. Abin da ya rage talatin cif, kuma duk na mutum guda.

Tahiru.

A'a. Ba na ambaton sunanshi. Wata goma sha ɗaya ban ambace shi ba, kuma ba wanda ya ambace shi cikin gidan ga ya kwashe lahiya.

Inuwar itacen bedi ta fara janyewa daga ƙafata. In ja kujera… Kaji sun shiga shanyar kuɓewa, wa zai kore su, mai korarsu na kwance can bayan gari. Albarka da ta gani da ta jefo takalmi, kuma ba ta kuskure.

Kalma bakwai. Na ƙirga su ranar, na ƙirga su har ƙirga ta gaji da ni. "Allah ya jikan Albarka. Ka yi hakuri." Sai sunanshi a ƙasa, kamar takardar sammaci. Matata ta shekara arba'in da uku ta rasu, mutane sun tako da ƙafa daga Tabla, daga Bonkuku, wata tsohuwa ta zo bisa amalanke da ƙafarta mai ciwo don kawai ta durƙusa ta ce ya haƙuri, ya haƙuri Manzo, in ce da godiya. Haka ake yi. In hanya ta hana ka, to, na sani, hanyoyin yanzu ba na da ba ne, iyaka a rufe, daji ba amana, ban ce ya taso daga Lome ba. Amma murya! Murya ba ta bin bariyar sojoji. A buga, a ce Manzo, a yi shiru, in ji numfashinka, ka ji nawa. Ko iskokin ƙauyen uwata, in sun hau mutum a filin bori, da gaisuwa suke farawa, da baki, kowa na ji. Aljani ya san ya gaida mutane, abokina na shekara hamsin bai sani ba?

Kuma wace murya… Ba muryar kowa ba ce nake nema. Tashi ce. Wadda ta aura mini Albarka.

Uban Albarka ya rantse ba ya ba direba ɗiya. Direba yau shina nan, gobe shina gaɓar teku, jibi an kawo hularshi. Na buɗe baki zan ba shi amsa, Tahiru ya taka mini ƙafa har na ji ta a haƙori. Ya ce: Radiyo, a kashe ka tukuna. Haka yake kirana, Radiyo, wai ba ni da maɓallin kashewa. Ni ina kiranshi Lauya. Daga hantsi zuwa azahar shina magana a zauren tsohon, a hankali, da hausarshi mai ƙanshin zabarmanci, mutumin Damana, ba gardama, ba rantsuwa, sai da tsoho ya yi dariya har rawaninshi ya kwance. Ni ban ce uffan ba. Da shirun yini guda na samu mata.

A bariyar ma haka. Zamanin sojojin farko, lokacin da jandarma ke tsaida ka ya dube ka tun daga taya har hula bai ce komi ba. Ni jinina ya hau, ina shirin tambayarshi ko ubanshi ne ya shimfiɗa hanyar. Tahiru ya sauko da butar shayi, ya tambaye shi garinsu, ashe ya san kasuwarsu, ya san mai tuwon bakin tasha… Minti goma an ɗaga sanda, har da sai kun dawo.

To mai wannan baki ne zai aiko mini kalma bakwai cikin ambulan?

A fada, majalisarmu ta shan shayi, kowa na da nashi hauka, na sani. Musa, tsohon sakataren meri, ofishin magajin gari, shi imel. Wai shina da adireshi. Na ce Musa, adireshin ga naka ina ƙofarshi take, in zo in yi sallama? Ya gyara tabarau ya ce Manzo kai mutumin da ne, imel shi ne takarda mai daraja, abin da anka rubuta ya zamna, ba mai cewa ban ce ba. Kullum da safe sai ya duba. Wa ke rubuto maka, Musa? Ba kowa. Amma shina dubawa, da alwalarshi, kamar mai jiran baƙo daga Makka. Habsa ƙanwata, ita vokal, saƙon murya. Ta danna ta yi ta zuba, minti bakwai, kana jin turmi, kana jin akuya, kana jin ta tsaya ta zagi maƙwabciya ta dawo kanka. Na ce mi ya sa ba ki kira kamar mutane? Ta ce Yaya, a vokal ne kaɗai nake kai ƙarshen maganata ba ka katse ni ba. Magagi kuwa bip. Ƙara guda ya kashe: ina raye. Ƙara biyu: shayi ya nuna. Shekara goma bai taɓa cewa alo ba.

Ni kira. Kira kawai. In ji ka, ka ji ni. A murya ake gane wanda bai ci abinci ba, wanda matarshi ta yi yaji, wanda ke cewa lahiya lau alhali ba lahiya. Rubutu fuskarshi guda, kamar bangon kurkuku.

Na kira shi ai. Kada a ce ban kira ba. Ranar sadakar uku, da la'asar, mutane cike da ƙofar gida, na zagaya bayan rumbu na buga. Ta yi ƙara har sau shida. Anka ɗauka.

Shiru.

Na ce Tahiru. Shiru, sai numfashi. Na ce Tahiru kana jina? Numfashi. Sai wutar ta kama… Allah na gani, ba ni ke kunna ta ba, ita ke kunna ni. Na ce Lome ta cinye ka. Na ce ka zama bature, ka zama takarda. Na ce matar da ta yi shekara arba'in tana ajiye maka fura a ƙwarya ta daban, ba ta kai ka buɗe baki ba? Na ce ranar da na mutu kada ka wahal da yatsanka, ka bar ambulan ɗinka. Na ce abubuwan da ko jaki ba a gaya ma. Shina ji. Can na ji wani sauti, ƙasa-ƙasa, kamar mai haɗiyar kunu da zafi. Na ce dariya ma kake? Na kashe.

Tun ranar suke zuwa. Juma'a, wani lokaci a tsallake guda. Waya ta yi ɗan kukanta, in duba, sunanshi, in mayar aljihu. Ban buɗe ba. Ban share ba… Mi ya sa ban share ba? Oho. Kada a tambaye ni.

To yau za a share. Sai dai ni hanya guda na sani: a buɗe, a danna hagu, a sauka sau biyu, a ce i. Wata hanyar in akwai, ba wanda ya koya mini, kuma ba ni zuwa wurin mai gyara ya ga cikin wayata. In buɗe ba tare da na karanta ba. Ido a gefe. Tabarau ma ba sai na sa ba…

Na sa.

Na biyu. Ranar na nan a sama, kashegarin sadakar uku.

"Na ji duk abin da ka ce. Tansiyo ta buge ni kwana tara kafin rasuwar Albarka. Baki ya karkace. Hannun dama ya mutu. Ina ji, ba na iya fadi."

…

Kajin nan. Wani ya kori kajin nan mana.

Ina ji, ba na iya faɗi.

A'a, bari in sake, idon ga ba shi da amana, shi ya sa ake neman randebu. Baki ya… karkace. Haka ne. Haka ya rubuta. Kwana tara kafin… Wato ranar da nake bayan rumbu, shi shina kwance, an riƙa mishi waya a kunne, ko ya riƙa da hagu, shina ta turo sunana daga maƙogwaro ya ƙi fita. Kunu da zafi! Ni na ce kunu da zafi. Manzo yake son cewa. Ma… Man… Kuma na ce dariya kake.

Yaya, ka ji labarin Tahiru kuwa… Habsa, a tsakar gidan ga, da tsintsiya a hannu, bayan arba'in. Na ce in kin ƙarasa sunan nan ki ɗauki mayafinki. Ta ce ka dai saurara. Na ce fita! Ta fita. Ta aiko vokal, na ga tsawonshi, na ji farkonshi, da na ji Ta… na share. Musa ma ya taɓa gyaran murya a fada, ya ce an ce mutuminka na Lome… na ture kofin shayi na tashi. Kowa ya sani ke nan? Duk Filinge ta sani, sai mai kunne biyu da baki goma?

Na uku. "Ban so in hada ciwona da makokinka. Shi ya sa ban fada ba tun farko. Kuskure ne."

Kuskure ne, in ji shi. Shi ke ba ni haƙuri. Ɗan banza, Lauya, har a kwance sai ka riga ni…

Na huɗu, na biyar, ba ni iya tsayawa. "Haruna ya kai ni asibiti. Suna murza mini hannu kamar mai kwabin fulawa." Haruna ɗanshi na fari, wanda yake zamne gidanshi can. Ni na yi mishi huɗuba a kunne, uban na hanya. "Radiyo, shirun ga bai dace da kai ba. Batir ne ya kare?" Ka ji shi! Ka ji iskanci! Mutum rabinshi a mace shina tsokanata. "Yau na ce Bismillah. Haruna ya ce ta yi kama da kukan rago, amma ta fito."

Na ji shi. Wallahi na ji. Ba baƙi na gani ba, muryar ce, da yadda yake jan ƙarshen magana, da ɗan tarin da yake yi kafin ya soki mutum. Daga ina ta fito? Wayar ba ta yi ƙara ba…

Kaset. Lokacin da muke wata biyu ba mu ga gida ba, babu waya sai ta gidan posta, kowane direba da kaset ɗinshi. A ɗauki murya a ba mai komawa arewa ya kai. Fuska ta farko ni: Albarka, kada a sayar da jar akuya. Albarka, wa ya ce ki ba ƙanenki keke na? Albarka, in na dawo na tarar da katanga ba a gyara ba… Minti talatin ina ba da oda kamar kumandan. Sai Tahiru ya juya kaset ya ce ba ni nan. Fuska ta biyu shi: Albarka, sannu da gida. Abin da mijinki ke nufi da maganar akuya, shina kewarki. Maganar keke kuma, bai iya cin abincin kowa ba sai naki. Katanga… katanga dai a gyara. Ta gaya mini daga baya, fuska ta biyu take fara ji, sannan ta farko ta shiga ba ciwo.

Duk rayuwata ashe da fuska ta biyu nake yawo. Na zage ta na kashe.

Na goma sha bakwai. An yi ruwan shuka lokacin. "An yi shuka a Filinge? Gonar Albarka wa ya shuke ta? Kada a bar ta. Tana son wake a gefen gabas." Ya tuna! Ni na shuke ta, Lauya, ni da gwiwoyin ga nawa, mutane na dariya direba ya kama hauya. Wake a gabas. Ya yi yaɗo har ya hau geron maƙwabci, an kawo ƙara. Da ka gani…

Kira. In kira shi yanzu, yanzun nan. Ga lambar, koren maɓalli na nan ƙarƙashin babban yatsa, dannawa guda. In ce Tahiru ni ne, ni ne jakin, kada ka ce komi, ka saurara kawai, in ba ka labarin wata goma sha ɗaya, ruwan bana, rijiyar da ta rufta, auren jikar Magagi, in yi ta magana har batir ya… I mana. Shi shina ji, ni ina faɗi. Mi ya fi wannan dacewa? Allah ya haɗa mai baki da mai kunne.

Bari in ƙarasa tukuna. Na ashirin da biyu.

"In ka huce kada ka kira. Na san ka. In ka kira kai kadai ne ke magana, ni ina kwance kamar buhu. In ka rubuto mu biyu ne."

Ɗaga yatsa, Manzo. Ɗaga shi daga koren nan.

Mu biyu ne…

Ya san ni. Tun ina nesa da hucewa ya tare hanyar da zan bi. Shekara hamsin shina taka mini ƙafa, yanzu daga gaɓar teku, da yatsan hagu guda. Kuma gaskiya ce, mi zan ce? A waya ni sarki ne, shi bawan sauraro. Zai yi ta neman kalma, ni na riga na wuce gari uku. Zan cike mishi magana, zan ce na gane, na gane, alhali bai gama ba, kamar yadda nake yi wa Habsa, kamar yadda na yi wa… ita ma. Sau nawa ta ce bari in ƙarasa, Malam? A rubutu ba mai katse wani. Gurgu da mai gudu tafiyarsu guda.

Na talatin, Juma'ar da ta wuce. Kwana huɗu. Shina raye kwana huɗu da sunka wuce, alhamdu lillahi, shina raye. "Na taka daga gado zuwa kofa ba sanda. Ina nan. Ko harafi guda."

Ko harafi guda.

To. To! Za a rubuta. Wa ya ce ban iya ba? Wanda ya cike takardun duwan, 'yan kwastan, na ƙasa uku da hannunshi?

Tsaya. In na rubuta ya amsa, ina amsar za ta sauka? Wuri a cike. Sai an share guda. Wanne? Na Bismillah? A'a. Na batir? Ko kusa. Na wake a gabas… in share wannan a yanke mini hannu. Ɗazu talatin zan zubar kamar ruwan wanki, yanzu guda ya gagare ni. Ina hawa ina sauka cikinsu kamar mai zaɓen wadda za a yanka cikin awakin da ya raina.

Na farko. Kalma bakwai ɗin. Shi kaɗai ne ba ya ɓacewa ko an share, na haddace shi da zagi, safe da yamma, wata goma sha ɗaya. Bari in dube shi sau guda da idon yau. Kwana tara da faɗuwarshi. Hannun da bai taɓa riƙe alƙalami ba. Baki na zubar da miyau wataƙila, ɗaki na juyawa, an ce mishi Albarka ta tahi, ya ce a ba shi waya, da ishara… Harafi nawa ne? Ya nemi kowane guda, ya ɓata, ya sake. Tsohuwar da ta zo bisa amalanke ta yi tafiyar rabin yini. Shi fa, tafiyar nawa ya yi kafin ya kai ga haƙuri?

Da godiya, Tahiru. Ban amsa maka ba ranar. Da godiya.

Hagu. Sauka biyu. I.

Kai! Ko numfashi ban ja ba wani ya faɗo cikin gurbin. Laraba! Randebu ranar Talata ta sama, ƙarfe takwas, ka zo da katinka, kada ka yi gardama da likita. Ji ƙarshen! Talata, takwas, kati. Na ji. Talata, takwas. Tashi ki ba mutane wuri, 'yar nan, gurbin ba naki ba ne. Hagu, sauka biyu… Za su wanke mini idon, ashe da amfaninshi. Akwai karatu gabana.

Yanzu. Farin gilashi, ɗan sanda na ƙyaftawa.

Da mi ake farawa? Sallama, ina wuni, ina gajiya, ina iyali, ya jiki, ya Haruna da yaranshi, ya bakin teku… In na bi gaisuwa yadda take sai magariba ban kai ga magana ba. L. Biyar sau uku. Ya wuce, ya koma lamba. Sake. A, biyu sau guda. U, takwas sau biyu. Yatsan ga an yi shi don giya da birki, shina danne maɓalli biyu lokaci guda. Lauya. Kalma guda, gumi har ya jiƙa mini wuyan riga. Shi ya yi talatin.

Dan banza mi ya hana ka sa Haruna ya kira ni tun…

Ga ta nan. Ga wutar. Har ta yatsa tana fita. Kuma ai gaskiyata ce, da yaron ya buga ya ce Baba Manzo ga abin da ake ciki… da na saurara? Lambar Lome ce. Da na gani na mayar aljihu.

Akwai maɓalli a dama. In ka danna, harafin ƙarshe ya ɓace. Danna, danna, danna… banza ta tahi, ɗan ya bi ta. Fari tas, kamar ban taɓa faɗi ba. Ikon Allah. Ba wanda ya ji, ba wanda ya yi kuka, ba wanda ya ɗauki mayafi. Da harshe na da irin wannan a gefen dama, da mutum nawa ke gaishe ni yau? Da bayan rumbu…

Bar shi. Wancan ya fita, ba ya dawowa. Wanga ne a hannuna.

"Lauya. Ni ne. Yau na karanta duka."

Sai mi? Kalmar na nan, na san ta. Ban taɓa faɗa wa namiji ita ba. Uwata kaɗai, sau guda, tana kan gadon ajali. A baki ba ta fita, na gwada ɗazu a hankali, kaza kaɗai ke kusa, ta ƙi. Amma yatsa bai san girman kai ba, shi lamba kawai ya sani. Tara sau uku. Biyu. Uku sau uku. Uku sau biyu.

"Ka yafe mini."

Ga ta. Ba ta kashe ni ba.

"Wake na gabas. Ya hau geron mutane. Ban kira ba."

Ya isa. In na ƙara zan ɓata. A aika… ɗan ambulan ya yi fiffike, ya tahi. Ya wuce Bonkuku yanzu, ya wuce Baleyara, Yamai, hanyar da muke kwana huɗu a kanta in taya ba ta fashe ba. Ba mai tsaida shi ya tambayi takardu.

An kira la'asar. Zan tashi. Bari kaɗan.

Wataƙila shina barci. Wataƙila wayar na wurin caji, ko Haruna ya fita da ita. Wataƙila ya gani ya ajiye, ya ce ni ma bari in gwada mishi wata goma sha ɗaya, kuma in ya yi haka bai zalunce ni ba. Ko kuwa… ya jawo ta bisa cinya, ya karkata kai, shina neman harafin farko da yatsan hagu. R. A. In haka ne zai daɗe. Zai ɓata ya sake. Zai tsaya ya huta.

Koren maɓalli na kallona. Dannawa guda in san ko ya gani, in ji ko numfashi ne. Na sa hannun dama ƙarƙashin cinya na zamna kanshi. Haka nan, kamar yaron da anka hana taɓa wuta. Magagi ya yi bip biyu, shayi ya nuna, ya huce don kanshi. Waya na bisa gwiwa, gurbi guda a buɗe, na share shi, na shimfiɗa tabarma.

Ɗauki lokacinka, Lauya. Ba ni katse ka.

Tun azahar bakina a rufe. Ni, Manzo Baushe, zamne ƙarƙashin bedi, rana ta cim mini har gwiwa ban ja kujera ba, ina jiran wani mutum ya gama maganarshi. Bai ce komi ba tukuna, ni ma ban ce ba, tsakaninmu ƙasa uku da iyaka a rufe. Kuma hira muke yi, ni da shi, irin wadda ba mu taɓa yi ba. Kai da ke jina, in kana da bakin musu, musa.